Shin Ko Kun San An Taɓa Ɗora Addu'a a Kan Sikeli?

Shin ko kun san an taɓa kashe dala miliyan 2.4 don kawai a gano ko addu'a tana warkar da mara lafiya? Dala fa, ba naira ba! Asibitoci shida aka haɗa a Amurka, majinyata 1,802, likitoci da masana lissafi suka duƙufa shekara da shekaru. Abin da suka gano sai kun riƙe baki. Amma ku dakata tukuna, mu fara daga gida.

Duk wanda ya tsallake gadar Kogin Kaduna ya yi kudu, ya san ya shigo unguwannin da ba a wasa da addu'a. Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Unguwar Romi, har Gonin Gora. Daren Juma'a lasifikar coci ba ta runtsawa, ana kwanan addu'a har gari ya waye. Kafin su watse, ladan ya riga ya ɗauka daga masallatan Nasarawa da Kakuri. Ko kun san cocin Living Faith, wanda aka fi sani da Winners, a nan Kaduna ya soma a 1983? Babban gininsa na Barnawa yana nan tsaye. Yau hedikwatarsa tana Ota a Jihar Ogun, inda zaure guda yake cin mutum 50,000 a zama ɗaya. Dubu hamsin, jama'a! A 1990 kuma, da mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke ya zo Kaduna, masu shirya taron sun ce mutum kusan 500,000 suka cika fili a rana guda, da yawansu neman waraka ne ya kawo su.

Ku leƙa irin wannan taro a lokacin ba da shaida. Mace ta fito rungume da jariri, ta karɓi makirufo, muryarta na rawa. Ta daɗe tana neman haihuwa, yau ga shi a hannunta. Wuri ya kaure da tafi da guɗa. Wani dattijo ya ɗaga sandarsa sama, ya ce daga yau shi da ita sun raba gari. Wa zai ga haka zuciyarsa ba ta motsa ba? To amma ko kun san a 2004 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta hana nuna mu'ujiza a talabijin sai wadda za a iya tabbatarwa? Nan take tambaya ta taso. Wa zai tabbatar? Da wane awo?

Ashe Turawa sun riga mu shiga wannan muhawara da sama da shekara 150! A ƙarshen 1871 zazzaɓin taifot ya kwantar da Yarima mai jiran gadon Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai. Ciwon da likitoci suka ce shi ya kashe mahaifinsa shekara 10 daidai kafin nan. Ƙasa gaba ɗaya ta duƙufa da addu'a. Yarima ya miƙe. Aka yi gagarumin taron godiya a Landan a Fabrairun 1872. Limaman coci suka ce addu'a ce, likitoci suka ce jinya ce. Sai wani likitan tiyata mai suna Henry Thompson ya kawo shawara: a ware ɗaki guda a asibiti, masu bi su yi ta yi wa na kwance a ciki addu'a shekara uku zuwa biyar, sannan a ƙirga mace-mace a gwada da na sauran wurare. Ƙura ta tashi! Gwajin dai ba a taɓa yin sa ba.

A wannan shekara ta 1872 wani masani, Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya ce ai ba sai an ware ɗaki ba. Su wa aka fi yi wa addu'ar tsawon rai a duk Ingila? Gidan sarauta mana, kowace Lahadi, a kowane coci. Ya ɗauko lissafin matsakaicin tsawon ran waɗanda suka wuce shekara 30 a duniya. Malaman coci, shekara 69. Lauyoyi, 68. Likitoci, 67. 'Yan gidan sarauta? Shekara 64! Su ne a ƙarshen layi. Har kamfanonin inshora ya duba, ya ga ba sa rage wa jirgin ruwan 'yan mishan kuɗi a kan na 'yan kasuwa. Amma ku ji wannan: Galton ɗin da kansa ya yarda cewa addu'a tana ƙarfafa zuciyar mai yin ta, tana sanyaya masa rai a lokacin ƙunci.

Sai da aka shekara sama da 100 kafin likitoci su yi wa abin babban gwaji a gadon asibiti. A 1988 Dakta Randolph Byrd ya fitar da sakamakon majinyatan zuciya 393 a birnin San Francisco. Aka raba su gida biyu, rabi ana yi musu addu'a daga nesa, rabi ba a yi, kuma ba likita ba majinyaci, ba wanda ya san ɓangarensa. Waɗanda aka yi wa sun fi samun sauƙi a wasu 'yan abubuwa, kamar buƙatar na'urar numfashi. Jaridu suka ɗauka! Amma yawan mutuwa bai bambanta ba. A 1999 aka maimaita da mutum 990 a Kansas City, aka ga ɗan bambanci. A 2001 asibitin Mayo ya gwada 799, bai ga wani abin a zo a gani ba. A 2005 Jami'ar Duke ta gwada 748, ta gayyato Kiristoci da Musulmi da Yahudawa da mabiya Buddha duk su sa baki. Nan ma shiru.

To ga babban gwajin nan na dala miliyan 2.4. Dakta Herbert Benson na Jami'ar Harvard ne ya jagorance shi, sakamako ya fito a 2006. Mutum 1,802, duk an yi musu tiyatar hanyoyin jinin zuciya. Aka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu wataƙila a yi muku addu'a, wataƙila ba za a yi ba, kuma aka yi. Na biyu aka faɗa musu haka, ba a yi ba. Na uku aka ce musu tabbas za a yi, kuma aka yi. Ƙungiyoyin Kirista uku suka ɗauki aikin, kwana 14 cur, tun daga daren da za a wayi gari a shiga tiyata. Sunan farko kawai aka ba su, da harafin farko na sunan mahaifi. Sakamako fa? A kashi na farko, 52 cikin 100 sun samu wata matsala bayan tiyata. A na biyu, 51. Kusan kunnen doki. Na uku, waɗanda suka san ana yi musu? 59 cikin 100! Tirƙashi! Wasu daga cikin masu binciken sun yi hasashen fargaba ce: mutum ya ji an tara masa masu addu'a, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ciwonsa ya kai intaha. Wasu suka ce dacewa ce kawai ta lissafi.

Yanzu ku matso, domin nan ne abin ya fi daɗi. Kowane irin wannan gwaji yana buƙatar rukunin da ba a yi wa addu'a ba sam. Ina za a samo su? A gwajin Benson, kusan dukkan majinyatan sun ce 'yan'uwa da abokai na yi musu addu'a a gida. A Amurka ke nan! To ku kawo gwajin Kakuri. Ku shiga ɗakin majinyata da yamma, lokacin dubiya. Ga fulas ɗin kunu a ƙarƙashin gado. Ga Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi, da kwalbar man zaitun na Goya a kan loka. Gado na gaba ga carbi a hannun tsoho, ga gorar rubutu an rufe da leda, ga sallaya a naɗe. Matan zumunta sun shigo da ankonsu, sun yi wa tasu addu'a, sun juya sun yi wa maƙwabcinta. Mai shara ta wuce ta ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi." Ɗan acaɓan da ya kawo mai jinya ya ce, "Allah ya tashi kafaɗunsa." Ku nuna mini mutum ɗaya a ɗakin nan da ba a roƙa wa Allah ba tun safe! Babu shi. Gaisuwarmu kanta addu'a ce.

Kun ji wanda ya yi addu'a ta koma baya? A shekara ta 2000 wani farfesan likitanci a Isra'ila, Leonard Leibovici, ya ɗauko fayil ɗin mutum 3,393 da suka kwanta da cutar da ta shiga jini tsakanin 1990 da 1996. Ya raba sunayen gida biyu, aka jefa kwabo, aka yi wa ɓangare guda gajeriyar addu'a. Ku lura, mutanen nan sun yi jinyarsu tun shekara huɗu zuwa goma da suka wuce! Da aka buɗe fayil, sai ga waɗanda aka yi wa addu'ar sun ɗan fi saurin barin asibiti, zazzaɓinsu ya fi saurin sauka. Mujallar likitocin Birtaniya ta buga shi a 2001. Shi kansa ya bayyana daga baya cewa nufinsa ya nuna yadda lissafi kan iya fitar da abin mamaki idan aka ɗora shi a kan tambayar da ba tasa ba. A 2009 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta tattara gwaje-gwaje 10, mutum 7,646, ta ce ba a samu hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba, gara a kai kuɗin wani binciken.

Shin ko kun san malaman addini da yawa ma ba sa son waɗannan gwaje-gwaje? Ku tambayi malamin zaure. Zai ce muku amsar addu'a iri uku ce: a ba ka abin da ka roƙa, ko a ajiye maka sai Lahira, ko a kawar maka da wata masifa kwatankwacinsa. To wace na'ura ce za ta ga ta biyu? Ta ukun fa? Masifar da ba ta faru ba ba ta shiga fayil! Ku tambayi fasto. Zai tuna muku cewa Yesu ya ƙi dirowa daga ƙololuwar Haikali domin ba a gwada Ubangiji, kuma Manzo Bulus sau uku ya roƙi a cire masa abin da ke damunsa, ba a cire ba. Dukansu biyu magana guda suke yi. Wanda ake roƙo yana da nufinsa, yana ba da abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Ƙwayar magani ba ta da nufi, shi ya sa ake iya auna ta.

Amma kada ku ce littattafan addini ba su san gwaji ba. Annabi Iliya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, bijimi biyu, bagadi biyu, a ga wanda wuta za ta sauko wa. Gidiyon ya shimfiɗa ulun tunkiya a masussuka dare biyu: daren farko ulu ya jiƙe ƙasa ta bushe, na biyu aka juya abin. Daniyel da abokansa suka ci kayan lambu da ruwa kwana 10, sannan aka gwada su da samarin da ke cin abincin sarki. Masu tarihin likitanci da yawa suna lissafa wannan cikin gwaje-gwajen farko da aka rubuta a duniya!

Roƙon ruwa fa? Mun san shi sarai. Damina ta yi tsaiko, masara ta fara naɗe ganye, sai a fita fili da tsofaffin kaya, manya da yara, a yi raka'a biyu, liman ya juya mayafinsa. Ko kun san a birnin Murcia na ƙasar Sifaniya an rubuta ranakun roƙon ruwan coci na sama da shekara 200? Wasu masana uku suka bi rubutun ɗaya bayan ɗaya, suka gwada da ranakun da ruwa ya sauka. Ikon Allah, sau da yawa ruwa yana biyo bayan roƙon! Bayaninsu shi ne ana fita roƙo ne idan fari ya yi tsawo, lokacin da ruwa ya riga ya kusa. Mai imani zai ce Wanda ya sa aka fita a wannan rana, shi ne ya tara hadarin. Lissafi ba zai raba wannan gardama ba. Masu binciken yanayi kuwa sun samu taska: da waɗannan rubuce-rubuce suke gane shekarun da aka yi fari tun kafin a ƙera ma'aunin ruwan sama a wuraren.

Akwai wurin da ake tantance mu'ujiza da likitoci, da fayil, da hoton ƙashi! Garin Lourdes ke nan a Faransa, inda miliyoyin 'yan Katolika suke zuwa ziyara, abin da ya samo asali tun 1858. A 1883 aka buɗe ofishin likitoci a wurin. Sharuɗɗansu masu tsauri ne: ciwon ya zama mai tsanani, likita ya tabbatar da shi tun farko, warakar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, ta ɗore shekaru, kuma a rasa bayaninta a likitance. Mutum kusan 7,000 suka kai labarin warakarsu. Nawa coci ya amince da su zuwa 2018? Saba'in! Ɗaya cikin ɗari ke nan. Ta saba'in ɗin wata sista ce Bafaransa, Bernadette Moriau, ta warke a 2008, aka yi ta bincike shekara 10 kafin a sanar. Mu ma muna da namu: kafin Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga darajar Fada Cyprian Tansi a kusa da Onitsha ranar 22 ga Maris 1998, sai da aka binciki warakar wata mata da aka danganta da shi. Wannan tsantseni ya burge ni ƙwarai, kuma ina ganin duk mai ba da shaida a Sabon Tasha zai ƙaru da shi.

To akwai abin da ya hau sikeli ya nuna nauyi? Akwai mana! A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya sa mutane suna jan carbin Katolika yana auna su. Numfashinsu ya sauko zuwa kusan sau shida a minti guda, bugun zuciya da jini suka daidaita. A 2016 masu bincike na Harvard suka fitar da sakamakon bin mata ma'aikatan jinya 74,534 tsawon shekara 16. Waɗanda suke zuwa wurin ibada fiye da sau ɗaya a mako, haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin ya yi ƙasa da kashi 33 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda ba sa zuwa ko kaɗan. Kashi ɗaya cikin uku! Masu binciken sun ce wani ɓangare na sirrin shi ne zumunci, ƙarancin shan taba, da ƙarancin baƙin ciki. Wanda aka rasa a sahu, ko a bencin coci, ana bin sa gida a ji ko lafiya.

Mafi amfani gare mu, a nan Afirka ta Yamma aka yi shi. A Ghana, Farfesa Angela Ofori-Atta da abokan aikinta suka shiga wani sansanin addu'a da ake kira Mount Horeb, inda ake kai masu taɓin hankali. Mutum 139. Rabi addu'a kaɗai, rabi addu'a haɗe da maganin asibiti. Cikin mako shida, masu shan magani suka fi samun sauƙi a fili. An buga sakamakon a 2018. Abu guda ya sosa rai: maganin bai rage kwanakin da ake ɗaure su da sarƙa ba. Mu nan Kaduna mun san wannan ciwo, tun da a Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Sai ga Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da wata dabara. Maimakon a kori masu addu'a da masu maganin gargajiya, a haɗa su da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, su riƙa zuwa har inda majinyaci yake. Masu taɓin hankali 307 aka gwada a Ibadan da Kumasi. Bayan wata shida, waɗanda aka yi musu jinyar haɗin gwiwa suka fi sauran murmurewa nesa ba kusa ba. Mujallar Lancet ta buga a 2020. Ko kun san tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta? Ɗan Najeriya ne ya nuna wa duniya hanya!

Kishiyar haka kuwa an gan ta a Gambiya. A Janairun 2007 Shugaba Yahya Jammeh ya ce yana warkar da cuta mai karya garkuwar jiki da sassaƙe da addu'a. Aka sa majinyata suka ajiye maganinsu na asibiti. Da yawa sun rasu, kuma hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidun waɗanda suka tsira bayan saukarsa.

Ni dai ga inda na tsaya. Addu'a tsakanin bawa ce da Ubangijinsa, ba na'urar da za ta shiga tsakani. Amma kalmar "na warke" ana iya auna ta, cikin minti biyar ma! Akwai na'urar awon sukari. Akwai ta hawan jini. Akwai hoton ciki, akwai gwajin jini. Kuma addinan nan biyu ba su hana ba. Da Yesu ya sadu da kutare goma, wurin firistoci ya tura su, su ne masu duba fata a wancan zamani su tabbatar. Luka, marubucin Bishara, likita ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, shi kansa an yi masa ƙaho, kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Ba banza Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka ba.

Don haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan aka yi maka addu'a ka ji jikinka ya yi sakayau, ka gode wa Allah, ka ba da shaidarka da murna. Amma kada ka jefar da katin asibiti, kada ka ajiye ƙwayarka sai likita ya sake gwada ka ya ce ajiye. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai farfaɗiya, mai tarin tibi, da ku nake. Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard suna nan Kakuri. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa. Fasto, Malam, ku ma ku riƙa cewa mutanenku su koma a duba su. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa mai jinyar da ke kusa da shi.